Mai zartar da hukuncin kotu a ranakun aiki, matuƙin jirgin sa kai ranar Asabar: yaya za mu auna wannan rayuwa?

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina roƙon masana shari'a da masana harkar jiragen sama da ke cikinmu su sa baki a kan wata magana. A yankin da nake zaune a jihar Fensilfeniya ta Amurka akwai wani dattijo Bature da muke gaisawa, wanda sana'arsa ita ce zartar da umarnin ƙananan kotuna: yana kai sammaci, yana ƙididdige kayan wanda ake bi bashi domin a yi gwanjonsu, kuma idan alƙali ya ce ɗan haya ya tashi, shi ne yake tsayawa a bakin ƙofa har a canza makulli. Kwansitabul ake kiran muƙaminsa, kuma jama'a ne suke zaɓensa da ƙuri'a na wa'adin shekara 6. To wannan mutumin, idan Asabar ta zo kuma sama ta yi kyau, sai ya nufi ƙaramin filin jirgin sama, ya ɗauki mara lafiya da ɗan rakiyarsa a jirgi mai kujera huɗu, ya kai su babban asibiti a wata jiha ba tare da ya karɓi ko sisi ba, kuɗin mai ma daga aljihunsa yake fita. Bayan haka memba ne a ƙungiyar Civil Air Patrol, wadda ake kira idan jirgi ya ɓace ko ambaliya ta yi ɓarna. A majalisarmu ta bayan sallar Juma'a an rabu gida biyu a kansa, wasu suna cewa mutumin kirki ne, wasu suna cewa abin da yake yi ranar Asabar wanke hannu ne kawai daga abin da ya aikata tun daga Litinin. Me kuke gani?

Maman Usaina:
Wa alaikumus salam. Baban Sadiya, ni ina cikin kashi na biyu, kuma ba zan ɓoye ba. Mutumin da ya fitar da mace da 'ya'yanta cikin sanyin watan Janairu, sannan ya je ya ɗauki wata mace zuwa asibiti kyauta, bai mayar wa ta farko da ɗakinta ba. Kafin annobar korona, masu bincike sun ƙiyasta cewa ana shigar da ƙarar tashin 'yan haya kusan miliyan 3.6 a kowace shekara a Amurka, kuma kowace ɗaya da ta kai ƙarshe sai an sami wani mai kaki ya tsaya a ƙofa. Jirgin sama kuwa abin masu hali ne. Wanda yake da rarar da zai ƙona man jirgi a ƙarshen mako, ina ganin ya dace mu tambayi inda rarar ta fito.

Barista:
Hajiya, tambayarki ta ƙarshe ita ce mai nauyi, kuma zan dawo kanta, amma bari mu fara gyara hoton. Kwansitabul ba ya yanke hukunci, kuma ba ya zaɓar wanda za a tasa. A Fensilfeniya mai gida ne yake kai ƙara gaban alƙalin ƙaramar kotun gunduma, wadda take sauraron shari'ar kuɗi har zuwa dala 12,000 da kuma rikicin haya. Idan alƙali ya ba mai gida gaskiya, ɗan hayan gidan zama yana da kwana 10 na ɗaukaka ƙara. Idan bai ɗaukaka ba, sai mai gida ya nemi takardar umarnin karɓar gida, kwansitabul ya kai ta, sannan a sake jiran wasu kwana 10 kafin a zo a fitar da mutum. Idan kuma bashin haya ne kaɗai dalilin hukuncin, ɗan haya yana iya biyan abin da ake binsa tare da kuɗin kotu har zuwa lokacin da jami'in yake tsaye a ƙofa, maganar ta mutu nan take. Saboda haka jami'in da ya san aikinsa, shi ne yake tabbatar da cewa takarda ta isa hannun mai ita a kan lokaci, an yi masa bayanin kwanakin da suka rage masa, kuma mai gida bai yi gaban kansa ba ta hanyar cire ƙofa ko yanke ruwa da wuta. Inda babu irin wannan jami'i, tashin 'yan haya ba ya tsayawa, sai dai ya koma hannun ƙarti da mai gida zai ɗauko. Wanda ya taɓa ganin an kware wa ɗan haya rufin ɗaki da damina a garuruwanmu ya san abin da nake nufi.

Maman Usaina:
Barista, na ji, amma abin da ka bayyana shi ne jami'in da ke cikin littafin doka. Ni ina maganar wanda yake kan titi.

Barista:
Wanda yake kan titi ma yana da nasa tarihin, kuma ba mai daɗi ba ne. A ranar 11 ga Janairun 2016, a gundumar Perry ta Fensilfeniya, wani kwansitabul ya je zartar da umarnin tashi, ɗan hayan ya auna shi da bindiga, shi kuma ya yi harbi sau ɗaya. Harsashin ya ratsa hannun mutumin ya sami 'yarsa mai shekara 12 da ke tsaye a bayansa, ta rasu. Uban aka gurfanar, ba jami'in ba. A ɗaya ɓangaren kuma, ranar 25 ga Agustan 2022, an harbe kwansitabul Deborah Martinez-Garibay har lahira a birnin Tucson na jihar Arizona, tana tsaka da irin wannan aiki. Wato aikin da muke kira na takarda, aiki ne da ake shiga gidan mutum a ranar da ya fi kowace rana baƙin ciki, a ƙasar da bindiga ta yi yawa a hannun jama'a. Horon farko da doka ta wajabta wa kwansitabul a Fensilfeniya awa 80 ne, da ƙarin awa 40 ga mai son riƙe bindiga, kuma a ganina wannan ya yi kaɗan ƙwarai idan aka dubi abin da yake tarar da su a bakin ƙofa.

Kyaftin:
Salamu alaikum. Na yi shiru ina karantawa, sai na ga ana maganar jirgin kamar hutawa ce mutum yake zuwa yi. Bari in faɗi yadda abin yake. A dokar hukumar sufurin sama ta Amurka, mai lasisin tuƙi na ƙashin kai ba shi da damar karɓar lada don ya ɗauki fasinja, iyakarsa a raba kuɗin tafiya daidai tsakaninsa da abokan tafiyarsa. Ana samun wannan lasisi da aƙalla awa 40 na tashi, alhali lasisin kasuwanci yana buƙatar awa 250, na tuƙin manyan jiragen fasinja kuwa awa 1,500. Ƙungiyoyin da ake kira Angel Flight, waɗanda suka faro a 1983, aikinsu haɗa mara lafiya da matuƙin da ya yarda ya ba da jirginsa da mansa da lokacinsa, kuma yawancinsu ba sa karɓar matuƙi sai ya tara ɗaruruwan awoyi. Ba jirgin ɗaukar marasa lafiya na gaggawa ba ne: babu likita a ciki, dole mara lafiya ya iya hawa da ƙafarsa ya zauna, kuma sai likitansa ya sa hannu cewa zai iya tafiyar. Akasari masu ciwon daji ne da ke zuwa karɓar magani a kai a kai, da yaran da asibitin da ya ƙware a cutarsu yake da nisan yini guda a mota.

Civil Air Patrol kuwa wani tsari ne dabam. An kafa ta ranar 1 ga Disamban 1941, kwana shida kafin harin da Japan ta kai wa sansanin sojin ruwan Amurka na Pearl Harbor, kuma a 1942 da 1943 fararen hula 'yan sa kai suka riƙa sintiri a gaɓar tekun Atlantika da ƙananan jiragensu suna neman jiragen yaƙin ƙarƙashin ruwa na Jamus. A 1948 majalisar dokoki ta mayar da ita mataimakiyar rundunar sojin sama, hedikwatarta tana sansanin Maxwell a jihar Alabama, kuma tana da membobi fiye da 60,000 da ƙananan jirage sama da 500, yawancinsu ƙirar Cessna. Memba ne yake biyan kuɗin rajista duk shekara, ya sayi kakinsa. Idan aka fita nema, mutum uku ne a jirgi: matuƙi, da mai kula da rediyo da taswira a gefensa, da wani a baya wanda ba shi da aiki sai zura wa ƙasa ido. Ana tashi ƙasa-ƙasa, kimanin ƙafa 1,000 daga doron ƙasa, ana kai da komo a kan layi ɗaya bayan ɗaya na tsawon sa'o'i, cikin zafi da jijjiga, har amai yakan kama wasu. Lokacin da attajirin matuƙin nan Steve Fossett ya ɓace a Nebada ranar 3 ga Satumban 2007, an shafe kusan wata guda ana wannan aiki, aka gano tarkacen wasu tsofaffin jirage da suka faɗi shekaru da dama, amma ba a ga nasa ba. Sai bayan shekara guda wani mai yawon duwatsu ya tsinci katunan shaidarsa a Kalifoniya. Wanda yake neman yabo ba ya daɗewa a irin wannan aiki.

Ɗan Autan Zaure:
Ranka ya daɗe Kyaftin, tunda shi jami'in doka ne, idan ya hango masu laifi daga sama yana iya kama su ke nan?

Kyaftin:
A'a ƙanena. Da zarar ya sa kakin Civil Air Patrol, muƙaminsa na kotu ya tsaya a ƙasa. Membobinta ba sa ɗaukar makami a bakin aiki kuma ba su da ikon kamu, iyakarsu su gani su ba da rahoto.

Malam Na-Tudu:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ina so in taɓa maganar Hajiya ta fuskar da muka fi sani, ko da yake mutumin da ake magana a kansa ba Musulmi ba ne, domin da ma'auninmu muke auna shi. Gaskiya ne aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya sami sauƙi, kuma ta ce yafewa ta fi alheri. Amma wa aka yi wa wannan umarni? Mai bin bashi. Haka kuma ya tabbata a hadisi cewa taurin bashi daga mai hali zalunci ne. Saboda haka ba kowane ɗan haya ne abin tausayi ba, kuma ba kowane mai gida ne azzalumi ba. Akwai tsohuwar da ɗakuna biyun da ta bayar haya su ne abincinta, kuma ita ma banki yana binta. Inda nake tare da Hajiya shi ne, idan aikin zalunci ne, to jigilar marasa lafiya dubu ba ta goge haƙƙin mutum ɗaya, domin haƙƙin bawa sai bawa ya yafe. Idan kuwa aikin halal ne da aka yi shi bisa ƙa'ida, to babu abin wankewa tun farko. Saboda haka haɗa ayyukan biyu a kan sikeli ɗaya, a ce wannan ya biya wancan, kuskure ne ko daga wane ɓangare ya fito.

Kyaftin:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni kuma a nawa ganin, ayyukan biyu ba kishiyoyin juna ba ne kamar yadda majalisar Baban Sadiya ta ɗauka, hali ɗaya suke buƙata, kuma halin ba taushin zuciya ba ne. Abin da ya fi kashe matuƙin sa kai shi ne tausayi. Ka ɗauka mara lafiya ta iso filin jirgi da jakarta, likita yana jiranta da ƙarfe biyu, an yi wata uku kafin a sami wannan rana, ga hazo ya sauko. Matuƙin kamfani yana da ofis a bayansa da zai ce ba a tashi, shi kuwa ɗan sa kai shi kaɗai ne da idon matar nan. A 2008 kaɗai jiragen sa kai uku sun faɗi a Amurka da marasa lafiya a ciki, abin da ya sa hukumar binciken haɗurran sufuri ta fitar da shawarwari a 2010 kan yadda za a tsaurara tantance matuƙa da kuma sanar da fasinja cewa wannan tafiya ba ta kai ta jirgin kasuwanci tsaro ba. A Ostareliya ma, ranar 28 ga Yunin 2017, wani matuƙin sa kai ya tashi daga Mount Gambier cikin hazo alhali ba shi da shaidar tuƙi da na'ura kaɗai idan ba a ganin waje, jirgin ya faɗi jim kaɗan bayan tashi, shi da fasinjojinsa, uwa da 'yarta, suka rasu. Rahoton hukumar bincike ta ƙasar na 2019 ya ce haɗarin mutuwa a irin wannan jigila ya ninka na sauran jiragen ƙashin kai fiye da sau bakwai. Ƙungiyar Angel Flight ta ƙasar, wadda ta shirya tafiyar, ta musanta wannan lissafi da ƙarfi, amma dalilin da rahoton ya nuna, wato matsin da matuƙi yake ɗora wa kansa don kada ya kunyata mara lafiya, duk wanda ya taɓa riƙe sitiyarin jirgi ya san gaskiya ne.

To mutumin da ya shekara yana tsayawa gaban mai kuka yana cewa, ba ni da ikon ƙara miki kwana, amma ga abin da doka ta ba ki, kuma yana juyawa ga mai gida yana cewa, ba za ka taɓa kayanta ba sai ranar ta cika, shi ne wanda zai iya duban mara lafiya ya ce yau ba za mu tashi ba. Da za a ba ni zaɓi, shi zan ba wa mahaifiyata ya ɗauka, ba mai saurin hawaye ba.

Maman Usaina:
Kyaftin, ka yi magana mai kyau, amma akwai bambancin da ka tsallake. Idan matuƙi ya ce ba za a tashi ba, ran mara lafiya yake karewa, kuma shi ba ya samun komai. Idan kwansitabul ya ce ba zai ƙara kwana ba, amfanin wani yake karewa, kuma shi ma yana da rabo a ciki. Barista ya yi alƙawarin dawowa kan maganar kuɗi, ina jira.

Barista:
Na dawo, Hajiya, kuma a nan ba ni da abin da zan kare. Kwansitabul a Fensilfeniya ba shi da albashi. Kuɗin aiki yake karɓa bisa jadawalin da doka ta tsara, kaza na kai takarda, kaza na fitar da ɗan haya, da kuɗin tafiyar mota. Shi yake sayen motarsa da kakinsa da bindigarsa, kuma shi yake biyan inshorarsa. Tun 1991 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa ba ma'aikacin sashen shari'a ba ne, don haka babu wani shugaba na kai tsaye da yake duba aikinsa kullum, sai dai masu zaɓe, waɗanda yawancinsu ba su ma san sunan wanda suka kaɗa wa ƙuri'a a wannan gurbi ba. A birnin Nuyok, jami'an da magajin gari yake naɗawa don irin wannan aiki suna ɗaukar kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da suka karɓo. Duk tsarin da ya sa abincin jami'i ya dogara da yawan ƙofofin da ya rufe, ya buɗe hanyar ɓarna, ko da mutanen kirki ne suke riƙe da shi. Filadalfiya, birni mafi girma a Fensilfeniya, ta ɗanɗana wannan: ba ta da kwansitabul, sai kotu ta ba wata lauya mai zaman kanta aikin, ita kuma take ɗaukar 'yan kwangila masu bindiga. A 2023 aka yi harbe-harbe a wurin tashin 'yan haya har aka raunata mata biyu, aka dakatar da aikin na wani lokaci, a 2024 kuma ofishin ya rufe, aikin ya koma hannun ofishin sherif, wato ofishin gwamnati mai zartar da umarnin kotu, wanda jami'ansa suke kan albashi.

Sai dai a lura, wannan 'yancin da nake suka shi ne ya ba dattijon damar tuƙi. Tunda babu wanda yake rubuta masa lokacin zuwa da tashi, yana iya ajiye takardu ranar Laraba ya amsa kiran nema, abin da ma'aikacin albashi ba zai iya ba sai da izini.

Baban Sadiya:
Wannan haka yake, domin ba ranar Asabar kaɗai yake tashi ba. Amma game da rarar da Hajiya ta tambaya, jirgin ba nasa ba ne shi kaɗai, su da yawa suka yi karo-karo suka saya tsoho, suna raba kuɗin gyara da na rumfar ajiya, kuma haka ƙananan matuƙa da dama suke yi a nan.

Ɗan Autan Zaure:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne, me ya sa ba mu da irin wannan a gida, alhali muna da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Zariya tun 1964?

Kyaftin:
Kwalejin Zariya tana horar da mutane ne domin su yi sana'a, kuma wanda iyayensa suka sayar da gona suka biya masa kuɗin horo ba zai fito ya yi tuƙi kyauta ba. Aikin sa kai na sama yana tsirowa ne inda malamin makaranta ko jami'in kotu zai iya mallakar kason ƙaramin jirgi. Amurka tana da filayen jirgin sama kusan 5,000 da kowa zai iya sauka a cikinsu, man ƙananan jirage yana samuwa a yawancinsu, kuma akwai makanikai masu lasisi a ƙananan garuruwa. Idan babu waɗannan, kyakkyawar niyya ba ta ɗaga jirgi daga ƙasa.

Maman Usaina:
Na saurari kowa. Na yarda da Malam cewa ba a biyan wannan da wancan, saboda haka na ajiye maganar jirgin a gefe, alherinsa ne kuma Allah ya san niyyarsa. Amma maganar ƙofa tana nan. Baban Sadiya, tunda kuna gaisawa, ka tambayar mini shi abu biyu: idan ya kai takardar umarni, yana tsayawa ya gaya wa ɗan haya cewa biyan bashin yana tsayar da tashin, ko manna ta yake yi a ƙofa ya wuce? Kuma idan aka kawo ƙudurin mayar da aikinsu na albashi a ƙarƙashin mai sa ido, zai goyi baya ko zai yi adawa?

Barista:
Ka ƙara masa ta uku, Baban Sadiya: a cikin takardun da ya kai bara, kashi nawa ne suka ƙare da canza makulli, kashi nawa kuma aka biya ko aka sasanta kafin ranar. Kowace takarda sai ya mayar wa kotu da bayanin yadda ta ƙare, don haka lissafin yana hannunsa.